Jan Tukunya a Maƙerar Bawa

Maƙera ba su yi kaɗan ba a Bodinga, amma idan tsohuwar bindiga mai baki biyu ta gaji, ƙarfen da ke haɗa bakinta da ƙota ya koɗe ya yi laushi, wurin Bawa ake kai ta. Lauje da fartanya su ke ciyar da gidansa. Rinin wuta kuwa, kamar yadda yake kiran aikin, shi ne abin da yake ɗaga kai da shi a cikin mutane.

Wurin mahaifinsa ya gada. Zai karɓo ƙashin shanu daga mahauta ya ƙona ya daka, ya gauraya da gawayi da ƙonanniyar fata, ya binne ƙarfen a ciki cikin tukunyar ƙasa, ya liƙe bakinta da laka, ya ɗora a wuta. Daga nan sai ido. Idan tukunya ta yi ja irin wanda ake so, sai ya kifar da ita gaba ɗaya cikin durom na ruwan sanyi. Ƙarfen ya fito bayansa da tauri har magagari ba ya kama shi, ga shuɗi da ruwan ƙasa sun malale a jikinsa kamar wuyan tantabara. In ja bai kai ba, toka-toka zai fito. In ya wuce, ƙarfe ya karkace, kuma babu mai miƙar da shi.

To, idon ne ya fara cin amanarsa. Wata yana ce ta rufe shi sannu a hankali, har ja ya koma masa duhu-duhu, sai abu ya yi haske ƙwarai yake ganinsa. Bawa bai gaya wa kowa ba, don mutum ne mai girman kan tsiya, gara ya faɗa rijiya da a riƙe masa hannu. Matarsa Nana Hauwa ce ta gane, ranar da ya yaba mata sabon zane alhali tsohon ne ta wanke.

"Malam, mu tahi Sakkwato a duba ma idon ga," in ji ta.

"In an ji Bawa na asibitin ido, wa ka sake kawo mai aiki?"

Da ta ga ba zai tanƙwaru ba, sai ta nemo dabara. Maƙerar tana jingine da dangar gida. Duk ranar rini takan tsaya ta ciki tana leƙe ta kafar zana, ita da ta tsufa gaban murhun ƙuli-ƙuli ta san wuta sarai. Idan tukunya ta kai, sai ta yi gyaran murya, shi kuma ya kifar. Haka suka daɗe suna yi, ana ta yabon idon Bawa, yabon yana yi masa ɗaci a maƙogwaro.

Ana nan sai Ummaru ya zo daga Shagari da bindigar marigayi mahaifinsa a naɗe cikin buhu. Bafulatani ne mai 'yan shanu, kuma a wannan zamani mai dabba ba ya barci da ido biyu. Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, nasu kuwa ya fi na kowa zafi. Ummaru bai taɓa kiransa da suna ba, sai dai baƙin bawana, shi kuma Bawa ya ce masa ɗan sha-nono.

Bawa ya kwance ƙarfen, ya goge, ya binne, ya liƙe tukunya, suka sa rana. Da ranar ta zo, sai ga saƙo daga Dingyadi cewa 'yarsu tana kan gwiwa. Nana Hauwa ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin maƙera ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah ka jira ni. Kak ka sa ta wuta."

Ya yi niyyar jira, Allah ya sani. Amma da Ummaru ya iso ya ji an ce sai wani jiƙon, sai ya fashe da dariya a gaban masu zaman rumfa.

"Baƙin bawana ya tsuhwa! Ko wuta kaka tsoro yanzu? Kawo zuga-zugin, Bahillace shi koya ma gadon gidanku."

Wasa ne, kowa ya san wasa ne, ba a fushi da shi. Amma ya sami Bawa daidai inda yake ciwo. Ya miƙa masa zuga-zugi, ya ɗora tukunya.

Ummaru na zuga yana tsiya, Bawa ya ƙura ido. Tukunya duhu. Ya ce a ƙara. Har yanzu duhu. Zafi na dukan fuskarsa yana gaya masa lokaci ya yi, amma bai yarda da fata ba, idonsa yake jira. Sai da ya ga haske ya kama ta da awartaki ya kifar. Ruwa ya yi tsawa, a cikin tsawar kuma ya ji wata 'yar ƙara siririya da ya sani.

Ummaru ne ya tsamo ƙarfen. "Kai, ga kyau! Dubi shuɗi!"

Bawa ya karɓa ya bi shi da babban yatsa. Tsaga ce tun daga sama har mazaunin kunamar harbi. Ya gwada bakin bindigar, ya ƙi zama.

"Ba ta sake tashi, Ummaru," ya ce. "Ni na kashe ta. Na daɗe ban ga ja ba. Shuɗin ga da kaka hwaɗi ma, ba ni ganinai."

Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi. Da ma a ce masa makahon bawa, a yi dariya, ya san har yanzu shi mutum ne da ake iya tsokana. Ummaru ya daɗe yana duban ƙarfen mahaifinsa, sannan ya tattara guntayen cikin buhu a hankali, ya durƙusa kamar mai gaida majiyyaci.

"Ba komi, Malam Bawa. Allah shi ba ka lahiya."

Bawa ya zauna a kan uwar maƙera yana jin ƙarar babur ɗin Ummaru har ta ɓace a hanyar Shagari.