Hannun Baba: Daga Gashua Zuwa Nguru Neman Robar Babur Mai Ɗumi

Asabar: fita daga Gashua

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gida, ni da Baba, a kan tsohon jan babur ɗinsa. Na so in tuƙa, ya ce tun da ya sayi babur ɗin nan bai taɓa zama a bayansa ba, kuma ba yau zai fara ba. Na haye baya. Inna tana tsaye a zaure da fitila a hannu, ta ce, "Allah ya tsare hanya."

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Shekara ashirin da ɗoriya Baba yana sammako zuwa Dagona, ya sayo ɗanyen kifi a hannun masunta, ya kawo kasuwar Gashua kafin rana ta take. A sanyin shekarar da ta gabaci tafiyar nan yatsunsa suka ƙage a kan babur. Jaki ya gitta masa, ya kai hannu zai kama birki, hannun ya ƙi rufuwa, ya faɗa ramin kwalbati. Sati shida ya yi yana jinyar ƙafa. Da wani sanyin ya sake kawo kai, babban wanmu Yaya Habu ya haɗa baki da Inna suka yanke hukunci: ranar Lahadi za a karɓi makulli. Safar hannu kuwa an saya masa ta fi kala huɗu. Mutumin da zai yi alwala da ruwan randa, ya fito da hannu a jiƙe, ya wuni yana jagwalgwala kifi, ina shi ina safa? Kwana biyu take yi ta ɗauki ƙarni, ya ce tana hana shi jin totur, ya kyautar.

Ni kuwa na san halin mahaifina. Ranar da aka raba shi da babur, ranar zai fara tsufa. Ana cikin haka wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa ya ce ya ga wata irin robar hannun babur a Nguru, mai waya a jiki, wai in an haɗa ta da wuta ɗumi take yi. Da na kawo maganar, Yaya Habu ya yi dariya ya ce, "Malam Sale, boko ya fara yi maka yawa." Amma ya yarda da sharaɗi ɗaya: in Baba ya dawo daga tafiyar asuba ranar Lahadi ya kwance igiyar kwandon kifi da hannunsa, a bar masa makulli.

Tsakanin Gashua da Nguru kilomita sittin ne da 'yan kai, kuma a lokacin titin ramuka sun cinye rabinsa. Sanyin fadama yana ratsa riga har ƙashi. Shida da kwata muka wuce kwanar Dagona, Baba ya kalli hanyar kamar wanda ya wuce gidansu bai shiga ba. Gaba kaɗan akwai shingen 'yan sanda, suna zagaye da wuta. Ɗayansu ya haska mu da tocila, ya gane Baba, ya ce, "Yau ba kifi?" Baba ya ce gobe in Allah ya so, aka ɗage mana katako.

Ƙarfe bakwai muka tsaya shan shayi a Jajimaji. Nan na ga abin da ban so gani ba. Mai shayi ya miƙo kofi, Baba ya kasa karɓa. Yatsun suna lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da kan babur, sai da aka sa masa kofin tsakanin tafukansa. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara tunanin ko Yaya Habu ne mai gaskiya. Baba ya kurɓa sau biyu, bai dube ni ba ya ce, "Ba sai Habu ya ji wannan ba."

Nguru

Tara saura kwata muka shiga Nguru. Shagon yana wani layi kusa da tashar jirgin ƙasa, mai shi Oga Emeka, haifaffen garin ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya tarbe mu da gaisuwar mutanen garin.

"Wushe, Baba, wushe. Me aka kawo mana daga Gashua?"

Na yi masa bayani. Ya hau kan benci ya sauko da wani kwali, ya ce a cikin kayan Beljiyam, wato gwanjon Turai, suka zo masa, shekara biyu ke nan ba wanda ya taya. "Wa zai sayi ɗumi a Nguru? Nan fanka ake nema."

Kala biyu ne. Ɗaya baƙa ce wul, tana sheƙi, ɗayar ta ɗan koɗe. Idon Baba ya faɗa kan mai sheƙin. Oga Emeka ya fita da zare ya zagaya ƙarfen kan babur, ya dawo ya gwada a bakin robar, ya girgiza kai.

"Wannan ta manyan babura ce, Baba. Raminta ya yi faɗi, juyawa za ta riƙa yi a hannunka. Ko ka ninka kuɗin ba zan sayar maka ba."

"To ita wannan tsohuwar, wa ya ce tana da rai?"

Sai ya jawo batir daga ƙarƙashin tebur, ya maƙala wayoyin, ya sa wa Baba robar a hannu. Minti ɗaya, biyu, Baba yana ta surutun cewa Turawa ba su da aikin yi. Can sai robar ta fara ɗumi. Ya mayar da ita ɗaya hannun, ya ƙara matsewa, ya ce a hankali, "Ikon Allah." Dubu biyu da ɗari biyar muka daidaita, Oga Emeka ya haɗa mu da bakaniken da ya yarda da shi.

Kyari sunansa, garejinsa yana ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato dogon yaro. Aikinsa a natse yake yi. Ya tsaga tsofaffin robobin da reza, ya wanke ƙarfen da fetur, ya bari ya bushe. Ya nuna mini cewa sababbin robobin biyu, ta hagu da ta dama, ba ɗaya ba ne, mai faɗin rami ita ce ta dama, wajen totur. Ya shafa gam kaɗan, ya tura su da tafin hannu, ya hana Baba bugawa da guduma don kada wayar ciki ta tsinke. A ɓangaren totur ya bar wa wayar sako-sako, ya murɗa ya saki ya fi sau goma yana kallo ko za ta ja. Saura haɗa wuta. Ya kwance murfin gefe, sai ga ƙunshin goro da tsohon fulogi sun faɗo. Ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Baba, ina batir?"

"Yana Dagona."

"Me yake yi a Dagona?"

"Gaji yana jin labarai da shi."

Gaji tsohon masunci ne, aminin Baba, idonsa ya tafi shekara uku da suka wuce. Ashe tun lokacin Baba ya cire batir ya kai masa don rediyo, duk sati yana ɗauko shi ya kai caji Gashua ya mayar. Ba wanda ya sani a gidanmu. Baba ya ce, "Babur da ƙafa ake ta da shi, me batir zai yi masa? A Gashua wa ka gani da batir?" Kyari ya ce ai gaskiya ne, yawancin baburan da ke zuwa wurinsa haka suke. Ya tambaye shi oda fa? Baba ya ce yana da baki.

Ni ban yi dariya ba. Sabon batir sai an zuba masa ruwa an yi caji, ga shi ba wuta a garin, mai caji kuma ba ya ta da janareta sai magariba. Wayar da ke kai wuta daga inji zuwa batir ma ta daɗe da ruɓewa. Dole mu kwana. Baba ya miƙe ya ce a mayar masa da tsofaffin robobinsa, shi ba zai kwana a wani gari saboda roba ba. Kyari ya ɗaga masa su, a tsage gida biyu. Na ce, "Baba, gobe Lahadi ce." Sai ya koma ya zauna ya ɓare goro.

Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, don haka na je tasha na ba wani direban Gashua saƙo ya kai wa Inna. Muka sauka gidan Alhaji Ubale mai yadi, abokin Baba tun suna samari, wanda kakanninsa suka zo daga Kano. Aka kawo burabusko da miyar yakuwa da bandar kifi. Baba ya cinye tas, sannan ya ce kifin ya kwana biyu. Ana idar da lisha muka kwanta.

Lahadi: Nguru zuwa Dagona

Muna fitowa daga masallacin asuba muka tarar da Kyari a ƙofar gida da babur. Ya nuna mana aikin da tocila. Ya bi da wayar ta cikin makulli, ya sa mata fiyus, yadda in an kashe babur ɗumin zai mutu tare da shi, kada batir ya tsiyaye a banza. Maɓallin kunna ɗumin ya ɗaure shi kusa da babban yatsan hagu. Na kawo ɗan abin da zan ƙara masa na sammako, ya mayar mini da hannuna ya ce, "Nawa uban ma a kan babur ya tsufa."

Shida da minti biyar muka tashi. Sanyin ya fi na jiya. Ina baya ina leƙen hannun Baba. Ba mu yi kilomita biyar ba na ji ya fara ba ni labarin wani kifi da aka kama shekarar da aka haife ni. Jajimaji ko tsayawa bai yi ba, sai dai ya danna wa mai shayi oda, abin da babur ɗin bai yi ba shekara uku.

Dab da shingen 'yan sanda garken shanu ya faso titi daga cikin kalgo. Kafin in buɗe baki Baba ya damƙe birki, goshina ya daki bayansa, muka tsaya taku biyu daga wani farin sa. Ya bari suka gama wucewa, ya ɗaga hannun dama ya buɗe ya rufe sau uku, ya ce, "Wannan kam Habu zai iya ji."

Bakwai da rabi muna bakin ruwan Dagona. Masunta sun fito da hannuwa jiƙe sharkaf. Ɗaya ya dafa kan babur zai gaisa, ya fizge hannunsa ya ce wuta za ta kama. Kafin ka ce kwabo an yi layi, Baba ya bar inji yana aiki, kowa ya riƙe ya ba na baya. Aka jawo Gaji aka ɗora masa hannu. Da ya ji yadda muka yi a Nguru, ya ce a je ɗakinsa a ɗauko batir, bai san ya jawo wa amininsa wahala ba.

"Zauna ka ji labaranka," in ji Baba. "In ka daina ji, wa zai riƙa gaya mini?"

Muka sayi tarwaɗa da karfasa cike da kwando. Baba da kansa ya ɗaure, da jiƙaƙƙiyar igiya, ya yi mata ƙulli uku yana cije leɓe.

Gida

Tara saura minti goma muka tsaya a ƙofar gida. Yaya Habu yana zaune a kan dakali, Inna tana bakin zaure. Ba wanda ya tambayi hanya. Baba ya kashe babur, ya zare makulli ya ajiye a kan tanki inda kowa zai gani, ya zagaya baya. Ƙulli na farko ya kwance, na biyu ya kwance. Na ukun ya ɗan yi gardama, Yaya Habu ya miƙe zai taimaka, Baba ya kalle shi, ya koma ya zauna. Igiya ta faɗi ƙasa.

Sai Inna ta tako. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ban taɓa ganin ta taɓa Baba a gabanmu ba. Ta kama hannunsa na dama da hannu biyu, ta juya shi, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ni da Yaya Habu muka shiga kallon kifi. Ta sake shi, ta ɗauki makullin daga kan tanki ta jefa masa a aljihun riga, ta ce, "Shayinka yana hucewa."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Oga Emeka da ya ƙi sayar mana da mai sheƙi, da Kyari da ya bar barcinsa, da Alhaji Ubale da iyalinsa. Na gode wa Yaya Habu ma, don tsoron da yake ji na gaskiya ne, na gan shi da idona a Jajimaji. Sanyi shida Baba ya ƙara yi a kan hanyar Dagona, kuma ranar da ya ajiye makullin, da hannunsa ya miƙa.