Fankar Taragon Ƙarshe

A tashar jirgin ƙasa ba mai kiransa da sunan yanka, Baba Waya kowa ya sani. Shekara talatin da shida aikinsa ɗaya ne. Injin kan jirgi yana juya janareta, wuta ta biyo wata waya mai kaurin dantse, shi kuma ya haɗa ta tarago bayan tarago har wutsiya. In mahaɗa ɗaya ta ƙi zama, duk na bayanta sun shiga uku da zafi. Shi ya sa bai taɓa yarda da allon da ke nuna wa direba lafiyar wuta ba. Sai ya taka har taragon ƙarshe, ya miƙa tafinsa ƙarƙashin fanka, ya ji iska, sannan ya ɗaga wa direba hula.

Matarsa kuwa ba ta taɓa shiga jirgi ba. Kullum tsokanarta ɗaya: "Mai ba duniya iska, ga fankar ɗakinmu wata uku tana hutu."

Ranar da zai ajiye aiki ta ce yau sai ta ga aikin nan da idonta. Aka ba ta kujera a taragon ƙarshe, wanda ya daɗe a ajiye, yawan fasinja ya sa aka jawo shi. Rana ta take. Baba Waya ya shigo, ya miƙa tafi. Fanka ko gezau.

"Ashe hali ne," in ji ta, tana fifita da gefen mayafi. Fasinjoji suka kwashe da dariya.

Mai tutar sallamar jirgi ya leƙo. "Baba, direba ya ce allo lafiya lau. Lokaci ya yi."

"Allo ba ya gumi, ɗana. Ce masa ya kashe wutar tukuna."

Ya sauka a natse, ya zare kan wayar, ya leƙa ramin da take shiga. Zanzaro ne ya yi ginin laka a ciki, har ɗaki uku. Ya ƙwaƙule da tsinke, ya hure, ya goge da bakin riga, ya mayar ya ɗaure tam. Ya ce a kunna, ya hau ya sake miƙa tafi.

Fanka ta yi ƙara, ta juya, har mayafin matarsa ya kaɗa. Sai tafi ya ɓarke.

"To Malam, na gani, na yarda," in ji ta. "Gobe ba ka da jirgi, ko?"

"Babu."

"Madalla. Saura tarago ɗaya a gida."