Ranar da Delu ta bi sawun mijinta zuwa Hamdara

A unguwar Birni ta Damagaram, duk mai shirin aurar da ƴa ya san ƙofar Delu, don alkakinta ake sakawa a gara. Mijinta Suma'ila baduku ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Hamdara. Yana saurayi ya shigo Damagaram ya koyi dukanci, ya zauna. Da tsufa ya kama shi sai mantuwa ta biyo baya. Da farko sunayen maƙwabta ne suka ɓace masa, daga baya har hanyar masallaci. Ƴarsu ɗaya tana aure a Yamai, saboda haka Delu ce idonsa, ita ce kuma mai tsaronsa.

Wata safiya cikin damina ta leƙa maƙwabta aron rariya. Da ta dawo, tabarmarsa na nan, shi babu, sandarsa ma babu. Ta bi lunguna tana tambaya, har wani mai shayi ya ce ya ga tsoho ya hau amalanken wasu mutanen ƙauye da suka nufi gabas.

Kwanakin nan Suma'ila ba shi da magana sai ta garinsu.

Ta tsayar da Modu, mai kabu-kabu na unguwarsu, magidanci marar yawan surutu.

"Inna, mu je komsariya wurin ƴan sanda tukuna?"

"Kafin su gama tambayata ya yi nisa. Tayar mu tafi."

Suka fita gari, suka bar manyan duwatsun Damagaram a baya. Gero ya kai ƙirji, ko'ina kore shar, mata na tafe da ƙwarya a ka, shanu na kiwo a gefen tabki. Rabon Delu da hanyar nan ya daɗe, amma ba ta ga kyanta ba. Farar rigar mijinta kawai take nema. Duk wanda ta hango a gona sai ta dafa kafaɗar Modu, su matsa, su ga ba shi ba ne.

A Mirya, ƙarƙashin kukoki, suka tarar da mai amalanken yana kwance jakinsa. Ya ce nan tsohon ya sauka, ya yi godiya, ya ce innarsa na jiransa, daga nan ya shiga wata mota mai zuwa Hamdara.

"Innarsa?" in ji Modu.

"Ta rasu tun ban haihu ba," in ji Delu.

Lokacin da suka bar gudron, wato kwalta, suka hau hanyar rairayi mai zuwa ƙauyen su Suma'ila, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa gorubai. Moto, babur ɗin Modu, ya riƙa nutsewa a yashi, Delu ta sauka ta tura da hannunta, zanenta na harɗe mata ƙafa. Wata mata mai suna Kaltuma, tana kora awakinta gida, ta ce ta ga wani tsoho ya tsallaka kwari ya nufi kufai, inda tsohon garin yake kafin mutane su tashi.

"Ku yi sauri," ta ce. "Akwai tsohuwar rijiya can, bakinta ya zube. Kuma in ruwan nan ya sauka kwarin ba ya ƙetaruwa."

Suka bar moto suka tsallaka da ƙafa. Daga nesa Delu ta hango shi. Yana tsaye dab da bakin rijiyar, ya jingine sanda, ya sunkuya yana leƙe. Ƙasa na ɗan zubowa ƙarƙashin takalminsa.

Modu ya yunƙura zai ruga, ta riƙe masa riga. Ta san in aka firgita shi baya yake ja, ko ya fizge.

Ta matsa a hankali, ta daidaita muryarta.

"Sannu, Malam."

Ya waiwayo ya dube ta kamar baƙuwa. "Baiwar Allah, ba ki ga guga ba? Inna ta aiko ni ruwa."

Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi.

"Gugan na wurina. Zo ka karɓa."

Ya sake duban rijiyar. Sannan ya ɗaga ƙafa ya tako wajenta, ya miƙo hannu. Ta kama wuyan hannun da hannu biyu, Modu ya zagayo ya rungume shi ta baya. Ruwa ya kece.

Da ƙyar suka ƙetare kwarin, ruwa har gwiwa, Modu na goye da shi. Kaltuma ta shigar da su ɗakinta, ta hura wuta, ta dama musu kunu. Sai a nan Delu ta samu ta zauna a ƙasa.

Mijin Kaltuma ya tambayi sunan mahaifin tsohon, Suma'ila ya faɗa ba gargada, har da na kakansa. Ashe akwai jikokin ƙanensa a garin. Kafin la'asar ɗakin ya cika da mutane, shi kuwa yana tsakiya yana ba su labarin wanda ya haƙa rijiyar, da shekarar da fara ta cinye gero.

Washegari suka koma Birni. Suma'ila ya ƙara damina biyu a duniya, kuma bai sake kiran Delu da sunanta ba. Bayan kowace kaka takan sa shi a mota ta kai shi Hamdara, su kwana biyu wurin danginsa. Mutanen garin kuwa suka rufe rijiyar da itace da ƙaya.