Akwatin da Ba Ya Amsa Sallama

Yayata ce ta raine ni. Tana aji biyar na sakandare mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali, sai ta ajiye littafi ta kama tukunya, ba ta sake komawa aji ba. Daga baya ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti a Malumfashi, tana wanke ciwo, tana awon hawan jini. Komai ta iya, takarda ce babu. Yaran da ta koya wa riƙon almakashi sai su tafi makarantar kiwon lafiya, su dawo suna ba ta umarni. Ita ma makarantar take so. Sau biyu tana zana jarrabawar kammala sakandare daga waje, komai ya yi kyau sai bayoloji. Ta ce mini ta ukun nan ita ce ta ƙarshe, in ba a dace ba ta haƙura har abada. Yaya kuwa in ta ce ta haƙura, to, ta haƙura.

A lokacin ina Funtua, mu biyu a wani ɗaki a saman shagon taki, muna haɗa manhajar karatu ta waya don 'yan sakandare. Abokin aikina ɗan wasu 'yan kasuwa ne daga kudu, amma haifaffen Funtua, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Malamai sun rubuto mana amsoshin darussa, shi yana shigar da su. Nawa aikin shi ne akwatin tambaya: ɗalibi ya rubuta abin da yake nema, na'ura ta duba kalmominsa, ta lalubo amsar da ta fi dacewa. Na gwada shi har na gaji. In na rubuta "aikin ƙoda", kafin in ɗaga yatsa amsa ta fito. Kai, a makon nan ko gaisuwar mai shagon ƙasa da ƙyar nake amsawa don jin kai.

Wata Lahadi na je na saka wa Yaya manhajar a wayarta. Na san matsalarta. Tana zuwa darasin yamma tare da sa'o'in 'yarta, kuma ko za a yanka ta ba za ta ɗaga hannu ba.

"Ni da furfurata in ce ban gane ba a gaban 'yan yara? Auta, ka rufa mini asiri."

Na ce mata wannan ba ya dariya, ba ya kuma sanin sunan kowa. Gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne muna ganin abin da ake rubutawa, ko da yake ba ma ganin mai rubutun.

Bayan mako biyu na zauna duba tambayoyin da suka shigo, raina ya ɓaci. Da yawa ba tambaya ba ce sam. "Salamu alaikum." "Malam ina wuni." "Barka da rana, ya ɗalibai?" Shi ke nan fa! Na'ura kuma, baiwar Allah, sai ta lalubo musu darasin ladubban gaisuwa, ko ta ce ba a samu komai ba. Na ce wa abokina mutanenmu sai addu'a, ka ba su rijiya su tsaya gaida guga. Nan take na sa na'ura ta riƙa share duk kalmar gaisuwa kafin ta yi bincike, na kuma rubuta a saman akwatin da manyan baƙaƙe: RUBUTA TAMBAYARKA KAI TSAYE. Yanzu in ka yi sallama, abin da za ka samu shi ne "Ba a gane tambayar ba."

Ana nan sai idona ya faɗa kan wani saƙo: "Salamu alaikum malam. Ya aiki, ya gajiya? Ana dai samun cin abinci?"

Mutum ɗaya na sani a duniya da ke cusa cin abinci cikin gaisuwa. Na bi baya. Kwana huɗu a jere, kullum bayan la'asar, gaisuwar nan ce, kullum kuma a ce mata ba a gane ba. A rana ta huɗu ta ƙara layi guda: "To, da alama malam yana da uzuri. Allah ya huta gajiya." Daga nan shiru. Ko tambaya ɗaya ba ta yi ba, ga jarrabawa saura wata biyu.

Washegari na shiga motar Malumfashi, lokacin kaka ne, na yi tafiyar a matse tsakanin buhunan masara. Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe. Littattafanta na hango ta taga, an ɗaure su a leda an ɗora kan kabad.

"Yaya, ya karatu?"

"Na ajiye. Abin nan naka ba shi da tarbiyya."

Na fara bayani da zafina, wai na'ura ce, ba mutum ba ce, tambaya kawai take jira. Ta bar ni na gama tsaf, ba ta daina tankaɗe ba.

"Ka taɓa ganin na yi sallama a ƙofar gidan mutane, ba a amsa ba, na kutsa kai ciki?"

"Yaya, ai ba gida ba ne."

"Ita na'urar ita ta yi kanta? Wa ya koya mata?"

Na ce ni ne.

"Kai kuma wa ya koya maka?"

Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ta zuba mini tuwo, ta tsaya a kaina sai da na cinye, ba ta ƙara tada maganar ba.

Da na koma na ba abokina labari, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce a shagon babansa ko ƙusa mutum ya zo saye sai an tambayi iyali tukuna, sannan a ce me za a kawo. Muka cire manyan baƙaƙen nan. Muka koya wa akwatin ya rarrabe gaisuwa da tambaya: mai sallama a amsa masa sallama, mai "ina kwana" a ce masa lafiya lau, in kuma an haɗo gaisuwa da tambaya a amsa ta farko kafin ta biyu. Mun yi musu a kan ko ya riƙa amsa sunan malam. Na ƙi, don ba zan yi wa Yaya ƙarya ba. Abin da muka tsayar shi ne: "Wa alaikumus salam, sannu da zuwa. Ni na'ura ce, amma malamai sun bar mini amsoshi. Bismillah, a faɗi abin da ya shige duhu."

Na aika wa Yaya saƙo cewa an yi wa akwatin nan mara tarbiyya faɗa, ta sake gwada shi. Kwana biyu ina zaune gaban kwamfuta bayan la'asar kamar mai jiran mota. A na uku sai ga sallamar, har da cin abincin. Akwati ya amsa. Aka ɗan jima, sannan:

"Don Allah yaya ƙoda take tace jini? Na daɗe ina jinyar masu ciwonta, ban taɓa sanin yadda take yi ba."

Na tashi na yi ta zagaya ɗakin. Ranar tambaya tara ta yi, na ƙirga. Daga baya na lura ba ita kaɗai ba ce, yawancin masu gaisuwar nan da na yi wa tsaki ashe da tambayoyinsu a baki, izini suke jira. Na daina bin sawunta bayan haka, don na ga abin ya zama leƙe.

Ta zana jarrabawa, muka shiga jira. Ban taɓa tambayarta yadda ta kasance ba, tsoro nake ji. Ranar da aka ce sakamako ya fito na kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. Na kasa haƙuri, na buɗe saƙonnin akwati. Yana nan, bayan la'asar:

"Salamu alaikum. An samu bayolojin, da ƙyar amma an samu. A gaya wa Auta, na san yana leƙe. Ya zo ya ci abinci."

Akwatin, da iyakar abin da na koya masa, ya amsa sallama ya ce a faɗi abin da ya shige duhu. Ni kuwa hawaye suka hana ni ganin allon. Na bar kwamfutar a kunne na sauka neman mota.