Ranin da Na Haƙe Tofa a Gonar Gyaɗata

Abin nan ya faru ne shekarar da aka tura mijina aikin soja kudu, damina biyu bayan an yi wa cocinmu rufin kwano, kafin injin niƙa ya iso Dabai. Ni ban san lissafin takarda ba. Na dai san autana yana goye a bayana lokacin, ga shi yau furfura ta fara fito masa.

Tun ina amarya uwar mijina ta ba ni gona a gindin dutse, kuma gyaɗa nake nomawa a ciki. Da manta nake miya, da ƙuli-ƙulinta nake rufe bakin yara huɗu. Da ƙasar ta gaji sai na bar ta ta huta damina biyu, kafin in waiga tofa ta cinye ta. Tofa ciyawa ce mai kaifin ganye, da ita muke jinkar ɗaki, amma saiwarta tsini gare ta kamar basilla. Huda gyaɗa take yi a cikin ƙasa ta wuce abinta.

Ƙanin mijina kuwa ɗakunansa uku duk suna zuba. Ya same ni ina daka, ya ce, "Matar yaya, na gode da kika noma mini jinka. Ki bar mini gonar nan, ke ki je ki shuka gyaɗa a tukunya."

"Tukunyar da kake lashewa kullum?" na ce masa.

Maganar ta kai gaban tsohuwa uwar mijina, ta yanke: in ruwan farko ya sauka tofa na nan, gona tasa ce.

Bayan Kirsimeti na ɗauki garwashi na cinna wa gonar wuta, yadda muke yi wa kowace ciyawa. Ta ci ƙurmus, na dawo gida ina taƙama. Kwana bakwai na koma. Jama'a, ɗigon ruwa bai sauka ba, rijiyarmu ma sai an ƙara igiya, amma ga gona koriya shar daga wannan gefe zuwa wancan, tsiro tsaye cikin toka kamar an dasa da hannu. Na tsaya har yaron ya farka ya sake barci ban motsa ba. Ba a jima ba ta yi fure fari fat, iska na kwasar irin tana watsawa.

Ƙanin mijina ya ce, "Har da taki kika zuba mini? Allah ya bar zumunci."

Tsohuwa ce ta tako da sandarta har gonar. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wa ya ce miki ana ƙona tofa? Abin da kika ƙona gashinta ne. Ita tana ƙasa." Ta sa aka kawo mini dagin marigayi mijinta. "Ki haƙo ta, kada ki binne, kada ki tara a inuwa. Ki shimfiɗa ta kan falalen dutse, rana ta gan ta."

Ƙasar rani ce, in na buga dagi sai ya yi tsalle. Amma da na kai zurfin kamu biyu na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Saiwa fara sol, gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake, ta saƙe ƙarƙashin gonar kamar tabarma. Na karya ɗaya na tauna, sai ga ruwa, har da ɗan zaƙi. Ina ta samo shi? Wata saiwar na bi ta kwana biyu ina son ganin ƙarshenta. Ta shige ƙarƙashin wani dutse da maza goma ba za su ture ba, na zaga baya na haƙa, sai ga ta ta fito tana tafiya. A nan na ajiye dagi na durƙusa. Na ce, Ubangiji, in ciyawar da muke zagi ka yi mata wannan tanadi, to mu fa?

Sai dai gyaɗa nake so. Na ci gaba. Kowace gaɓa in ta karye ta zauna a ƙasa sabuwar tofa ce, don haka da yatsu nake tsince ƙasar, har tafin hannuna ya tsage. A kan dutse kuma juya ta nake kamar shanyar kuɓewa. In na lanƙwasa ta lanƙwasu, da sauran ranta. Sai ta karye ƙas nake yarda ta mutu. Wata uku ina wannan, ni kaɗai.

Mako guda bayan ruwan farko muka tafi mu uku. Gona jawur, fes, sai wani ɗan layin tsiro a jikin dutsen nan, inda dagi bai kai ba. Ƙanin mijina ya nuna shi da sauri.

Tsohuwa ta ce, "Na gani. Wannan naka ne, ka yi wa kajinka jinka. Sauran nata."

Na shuka gyaɗa kusa-kusa, ganye ya rufe ƙasa, abin da ya ɓuya bai sami rana ba. Kakar nan, ko ɗaya ban ɓare na tarar da huda ba.

Tsohuwa ta rasu, mijina ya bi ta. Saura ni da ƙanin nan nasa, wanda idonsa ya tafi amma bakinsa na nan, kuma a gidana yake cin miyar gyaɗa duk ranar Lahadi.