Adireshin Gonar Kawu

Kawuna ya yi ritaya daga aikin ofishin filaye, ya fito da gonaki uku da ƙaton tumbi. Babbar gonar tana hanyar Roni, ya zagaye ta da waya, har wayar ta haɗiye wani yanki na burtalin da shanu suka saba bi. A wani taro wani ɗan kwangila ya miƙa masa kati, ya ga adireshin imel ɗin mutumin da sunan kamfaninsa ya ƙare. Na Kawu kuwa irin na kowa ne, mai gyaran waya ya buɗe masa, har da shekarar haihuwarsa ta gaskiya a jiki, wadda ba ita ce a takardun ofis ba.

Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kazaure, sai aka aiko in zo.

Ya ce, "Ina son adireshin da zai ƙare da sunan gonata. A fara shi da Shugaba."

"Shugaban su wa, Kawu?"

"Kai dai rubuta."

Na yi masa bayani cewa kamfani biyu ne: ɗaya za mu sayi sunan a wurinsa, ɗaya zai riƙe mana wasiƙu, sai a haɗa su. Sunan bai ba mu wuya ba. Masu riƙe wasiƙun ne suka ba ni wani dogon layin haruffa, suka ce in liƙa a shafin sunan don su tabbatar mu ne masu shi.

Kawu ya dire kofin shayi. "Ni za su bincika? Duk shekarun da na yi ina sa hannu a takardun mallaka, ba wanda ya taɓa ce mini kawo shaida."

Na liƙa, na cika layukan da ke nuna wa wasiƙa gidan da za ta sauka. Sai kwamfuta ta ce a jira, abin yana iya kai kwana biyu. Nan Kawu ya gyara zama, an shigo fagensa.

"Wa ke riƙe da fayil ɗin?"

"Ba mutum ba ne, Kawu, na'ura ce."

"Babu na'urar da ba ta da mai ita. A nemo shi a gan shi."

Ya buga wa wani tsohon abokin aikinsa waya, shi kuma ya yi alkawarin sa baki. Washegari da hantsi abin ya kama da kansa. Kawu ya aika wa abokin buhun gero na godiya, abokin ya karɓe abinsa.

Aka kira mai fenti ya rubuta adireshin a allon ƙofar gona, da haruffan da ko daga cikin mota za ka karanta. Duk Juma'a bayan masallaci sai na je na duba masa. Wata biyu babu wasiƙa sai tawa ta gwaji, ita ma sau uku ya sa na karanta masa.

Ranar da wasiƙar gaske ta farko ta zo har mutanen zaure ya kira su saurara. Na fara karantawa da ƙarfi, kafin na kai layi na uku muryata ta soma raguwa. Mai wasiƙar ɗiyar wani makiyayi ce daga wajen Gwiwa, tana karatun lauya. Ta gaishe shi da ladabi, ranka ya daɗe a kowane sakin layi. Sannan ta haɗo hotunan wayar gonar, da tsohuwar taswirar burtalin mai ɗauke da sa hannunsa. Ta kuma tura kwafi ga duk wanda ya kamata ya gani.

Wani ya tuna bai yi la'asar ba, saura suka bi shi.

"Ina suka samu adireshina?"

"A allonka, Kawu. Ta nan shanunsu ke juyawa."

"Goge ta."

Na goge, na kuma gaya masa kwafin da ke hannun wasu ba zai gogu daga nan ba. Ya daɗe yana kallona kamar ni na haifi yarinyar.

Kafin damina aka yi zaman sulhu, aka ja waya baya, shanu suka koma hanyarsu. Kawu ya riƙa gaya wa mutane sadaka ya bayar saboda Allah. Mai fenti ya sake zuwa ya shafe adireshin da farin fenti. Har yau in aka ambaci intanet a gabansa sai ya ja tsaki, ya ce abu ne marar tarbiyya, ba ya sallama, kai tsaye yake faɗo wa dattijo cikin ɗaki.