Sitikar da Baba ya liƙa a ƙirjinsa

Shekarun baya, ni kaɗai nake zaune a gidanmu na Omdurman. Mahaifiyata ta rasu, yayyena maza suna aiki a Saudiyya, ƙanwata kuma aure ya kai ta Madani. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, ya koma ko cokali ne ya faɗi a kicin sai na firgita.

Babban yayanmu ne ya aiko mini da na'urar yanka sitika, wai in sami abin da zai ɗauke mini hankali. Ba ta fi firinta girma ba. Sai in tsara zane a kwamfuta, in buga a takarda mai gam a baya, in shimfiɗa ta a kan faifan roba, in tura cikin na'urar, wata 'yar wuƙa ta bi gefen zanen tana yankawa. Sauran aikin na hannu ne, ɓare ragowar takarda da tsinke. Masu humra da turaren wuta da masu yajin agashe su ne abokan cinikina, amma ko su ban cika gani ba. A waya za a turo suna da kala, mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya zo ƙofa ya karɓa. Sai in wuni ban buɗe baki ba in ban da salla. Har na kai ina yi wa na'urar faɗa idan ta karkata layi, daga baya kuma in ba ta haƙuri.

Wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofa, da Hausa, ba da Larabcin garin ba. Wani dattijo ne dogo, cikin farar jallabiya, hannayensa duk tabon wuta. Ya ce tsohon mai walda ne daga Alshajara, wata mai turare a unguwarsu ce ta kwatanta masa gidan.

"'Yata, ke ce mai takardun nan masu liƙewa?"

Na ce ni ce, Baba. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa.

"Matata Hajiya ce mantuwa ta kama," ya ce. "Larabcin ma ya gudu daga bakinta, sai Hausar da ta tashi da ita a gonakin auduga na Jazira. Jiya gishiri ta zuba mana a shayi. Kwanaki ta buɗe ƙofar waje tana neman banɗaki, sai a bakin titi maƙwabta suka tsare ta. Ba ta karatu. Ko za ki yi mana hotuna?"

Na yi buta don ƙofar banɗaki, gado don ɗakin kwana, kofin shayi don gwangwanin sukari, da jan tafin hannu babba don ƙofar waje da tukunyar gas. Da na gama sai na ce da kaina zan kai, don in ba a goge ƙura ba gam ɗin ba ya kamawa. Gaskiya ne, amma wannan bayanin ai a waya ma zai yiwu. Fita nake so.

Na hau mota zuwa kasuwar Suk al-Arabi, na canza wata zuwa Alshajara. Na tarar da Hajiya zaune a kan gadon igiya a tsakar gida, 'yar ƙarama, tana ta naɗe bakin mayafinta tana warwarewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta saurara, sannan ta yi dariya.

"Ke 'yar wa ce? Wannan Hausar taki ta sha Larabci ta ƙoshi."

Rabon da wani ya yi mini tsiya irin wannan tun mahaifiyata na da rai. Na yi dariya har da hawaye, ban ma san wanne ya fi yawa ba.

Daga nan na mayar da zuwa Alshajara al'ada, duk Juma'a, wai duba sitika nake ko zafi ya ɗaga su. Wasu sun yi amfani. Butar ta gane ta, jan hannun kuma tsoronsa take ji. Kofin shayin dai ɓare shi ta yi ta liƙa a goshin tulu. Ni ba ta taɓa riƙe ni ba, kullum sai ta sake tambayar 'yar wa ce, kullum sai Hausata ta sha dariya. Ban damu ba. Ina yi mata kitso, tana ba ni labarin tsinkar auduga.

Wata Juma'a Baba ya tare ni a ƙofa kafin in shiga. Ya rame.

"Ta daina sanina," ya ce. "Idan na shiga sai ta ja mayafi, ta ce baƙo ya fita, mijinta ba ya nan. Abinci ma ba ta karɓa a hannuna."

Ya ciro wani tsohon hoto daga aljihu, baƙi da fari, gefensa ya cinye. Saurayi ne da gashin baki siriri, ya karkata hula.

"Wannan ta sani. Ki yi mini shi babba, in liƙa a rigata."

Na so in ce masa ba na jin zai yi, amma na kasa. Na koma gida na gyara hoton, na share tsagar da ta ratsa kuncin, na buga, na yanka shi da kewaye kamar faifai. Washegari na kai. Ya liƙa a ƙirji, saitin aljihu, ya daddanna da tafin hannu, muka shiga tare.

Hajiya ta ɗaga kai. Ba fuskarsa ta kalla ba, ƙirjinsa ta kalla. Ta miƙa yatsa ta shafa hoton, fuskarta ta saki.

"Bawan Allah, ka san shi?"

Baba ya ce, "Na san shi, Hajiya."

"Ina ya shiga? Tun ɗazu nake jira."

"Yana nan tafe. Shi ya aiko ni in zauna da ke kafin ya iso."

"To zauna mana. Ka ci abinci?"

Ya zauna a bakin gadon. Na kawo musu asida, irin tuwon can, ya riƙa ba ta a baki tana karɓa, tana ba shi labarin mijinta, yadda ya iya walda, yadda ba ya son miya mai tsami. Shi kuwa yana ta cewa, "Haka ne, haka yake."

Da ya rako ni bakin titi na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bai yi ba."

"Ya yi, 'yata. Ai ta bar ni na zauna."

Sitikar ba ta jure wanki, don haka na riƙa buga masa da yawa, duk rigar da ya sa sai ya liƙa sabuwa. Haka suka zauna har ɗansu ya zo ya kwashe su zuwa Jabal Awliya. Can ta rasu. Baba ne ya kira ni da kansa, bayan gaisuwa ya ce, "Kada ki ƙara bugawa." Na ce to, Baba. A cikinmu babu mai son ya fara kashe wayar.

A lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni kaɗaici, tunda babu kowa a gidanmu. Sai ga mutum yana wuni da matarsa a gado ɗaya, yana sauraron yadda take kewarsa. Ban ce ganinsa ya warkar da ni ba. Na koma gidan nan shiru, na ci gaba da yi wa na'ura faɗa. Amma na daina jiran sai an san ni kafin in je in zauna da mutum.

Da yaƙi ya zo ya watsa mu, na bar na'urar a kan tebur da takarda a bakinta. Lambar Baba ta daina shiga, har yau ban san inda yake ba. Hoton saurayin nan mai karkatacciyar hula yana cikin wayata. Duk wanda ya gani sai ya tambaye ni ko mahaifina ne, ni kuma sai in ce a'a, wani ne da ake jira.